Mai Kai Mu Gida Idan Ruwa Ya Janye

Ranar zaman makokin Kawu, duk wanda ya shigo ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Ai ya huta," sai in ji kamar in tashi in bar ɗakin. Ya huta da me? Mutumin da in ka shimfiɗa masa tabarma sai ya tambaye ka ko ka ga alamar ciwo a jikinsa? Amma na danne, na riƙa amsawa da "Da godiya" kamar kowa, don ba a faɗa da mai ta'aziyya.

An zo, ba laifi. Fataken kifi sun zo daga Yelwa cike da mota, mutanen Shanga sun gangaro a kwalekwale, har wasu Fulani da ba wanda ya san su sun zo sun ce shi ke nuna musu inda laka ke cin shanu. Mata sun yi kuka har muryoyi suka dushe. Mutum ɗaya ce ba ta zubar da ko ɗigo ba, ita ce Inna, mahaifiyata, ƙanwarsa ciki ɗaya. Tana zaune ta miƙe ƙafa, fuska a ɗaure, in an gaishe ta ta amsa, in an miƙo fura ta tura wa na kusa da ita. Goggonnina har suna zunɗenta.

Da la'asar aka jawo wani tsoho maƙwabcinmu, Baba na bayan coci, wanda idonsa ya tafi tun ina 'yar makaranta. Kirista ne, amma tare suka tashi da Kawu, tare suka koyi iyo. Ya zauna a zaure, ya ɗaga hannu da aka yi addu'a, ya shafa tare da kowa. Da wurin ya yi tsit sai mu da ke cikin gida muka jiyo muryarsa.

"To, bana wa za shi gaishe min da yarona?"

Wannan tambayar ce ta hana ni sukuni har na zauna rubuta wannan, don kada gobe jikokinmu su ji an ce Kawu su ɗauka wani tsoho ne kawai mai yawo da sanda.

Garin da muke zaune a yanzu, nan kusa da Warra, ba shi ne garinmu na asali ba. Na asalin yana ƙarƙashin tafki tun lokacin da aka datse kogin Kwara a Kainji, aka kwaso iyayenmu aka zuba su a gidajen siminti a kan tudu. Inna na da cikina ranar tashin. Kakata, uwarsu ita da Kawu, ta rasu watanni kaɗan kafin nan, aka rufe ta cikin gida bayan ɗakinta, kamar yadda mutanenmu ke yi a da. Da aka haife ni a sabon gari sai aka maya mini sunanta. Shi ya sa Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Ke", Kawu kuwa har ya koma ga Allah "Uwata" yake ce mini.

Ruwan tafkin nan ba ya bin lissafin ruwan sama. Bayan girbi yake cika maƙil ya yi zamansa. Sai bazara ta yi nisa, shamuwa ta dawo, an fara shuka, sannan ya riƙa ja da baya yana barin laka mai faɗi, har kufan garinmu ya fito ya sha rana na ɗan lokaci. Kawu kuwa tun bazara ta kama yake fara zuwa bakin ruwa kullum da safe, ya kafa kara, gobe ya dawo ya duba. Ranar da ya ga abin da yake so, zai bi gida gida yana buga sanda a ƙofa.

"Ruwa ya ba da hanya. Gobe gida muka zuwa. Mai ƙahwa shi shirya."

Da an sallame asuba muke fita. Guzuri bai wuce ƙuli-ƙuli da gari da goran ruwa ba. Shi yana gaba, takalmin taya a rataye a kafaɗa, don a cewarsa takalmi na shiga kasuwa ne. Mu bi ta gonaki, mu ratsa kurmin ɗorawa, mu hau dutsen da ke tsakaninmu da tafkin. A hawan nan ba ya yarda a yi magana, wai numfashi ba na ɓarnatarwa ba ne. Amma da an kai sama sai bakinsa ya buɗe. Lokacin kaɗanya ke zubar da 'ya'ya, sai ya cika hularsa yana rarraba mana, yana nuna mana garken kirinjijiya a kan ruwa, da sawun dorina inda ta fito kiwo, da shanun Fulani can nesa cikin ciyawar burgu. Daga saman dutsen nan za ka ga ruwa har inda ido ya gaza, ga kututturan itatuwan da tafki ya kashe a tsaye baƙi ƙirin. Wallahi wurin yana da kyau, kyawun da ke sa mutum ya rasa abin faɗa. Na taɓa gaya masa haka, ya harare ni.

"Kyau? Uwata, gonar ubana ce kika kallo."

Ɗansa na fari, taubashina, ɗan kabu-kabu ne a Yelwa, malalacin ƙafa na ƙin ƙarawa, wanda ko masallacin unguwa sai ya tayar da mashin. Kowace shekara sai ya ce, "Baba, ga jirgi mai inji, ga mashin, mi ya sa sai mun kashe kanmu?" Kowace shekara amsar ɗaya ce: "Zumunta a ƙahwa take." Shekarar da aka ba mu Jihar Kebbi, taubashin nan nawa ya zo yana ta rawar kai, wai yanzu za a yi kwalta har bakin tafki. Kawu ya saurare shi tsaf, ya ce, "Madalla. Ka tai ka hwaɗa ma ruwa an canza mai jiha, mu gani ko shi tashi daga kan gidanmu."

Abin da ba zan manta ba shi ne yadda yake shiga kufan. Fili ne fa fetal, laka busasshiya duk ta tsattsage, ba katanga, ba bango, sai guntayen tukwane nan da can. Amma Kawu ba ya miƙewa kai tsaye. Sai ka ga ya karya kwana a inda babu komai, ya ce, "Nan rijiya, ku kauce." Ya ƙara gaba ya rage murya, wai gidan liman muke wucewa. Wata shekara na gaji, rana ta dake ni, na yanke na nufi inda na san za mu tsaya. Ai kuwa ya daka mini tsawa.

"Ke! Wa ya koya maki haura katangar mutane? Ɓarauniya ce ke? Koma ki biyo ta ƙohwa!"

Na koma ina ƙunƙuni, taubashina na ta yi mini dariya yana cewa a kira 'yan sanda. Da muka isa inda zauren gidanmu yake a da, Kawu ya tsaya kamar yadda ya saba, ya ce, "Uwata, shiga ki amsa muna." Aikina ke nan tun ina ƙarama. In shiga ni kaɗai in tsaya a tsakar filin, shi kuma ya gyara murya ya yi sallama, ni in ce, "Wa alaikumus salam, maraba da mutanen tudu." Sai sannan kowa ya shigo. Ina yarinya wasa na ɗauki abin. Sai da na girma na lura cewa duk lokacin da na amsa, sai ya ɗan juya baya yana gyaran hula.

A bayan inda ɗakin Kaka yake akwai dutsen niƙa, babba, mai kwarmi a tsakiya inda hannunta ya cinye shi. Shi ne alamar kabarinta, kuma shi kaɗai ne abin da ruwa ya kasa gusarwa a gidan nan. Kawu zai durƙusa ya kankare lakar da ta rufe shi da hannunsa, ya wanke shi da ruwan gorarsa, mu yi addu'a. Daga nan sai ya tashi ya riƙa zagaya wurin yana caka sanda cikin laka. Ɗan dutsen yake nema, ƙaramin nan da ake riƙewa a murza hatsi da shi, wanda ya ɓace a hargitsin ranar tashi. Shekara ashirin da wani abu yana wannan cake-caken. Mu ce masa ruwa ya tafi da shi, ya ce dutse ba kifi ba ne.

Kafin mu juyo yakan ratsa ta wani gefe shi kaɗai. Baba na bayan coci yana da yaro da ƙyanda ta kashe a tsohon gari. Tun da idonsa ya tafi, duk jajibirin tafiya zai ba Kawu ɗan tsakuwa da ya yi addu'arsa a kai, Kawu ya sa a aljihu ya kai kan kabarin yaron. In mun dawo, kafin ya sha ruwa sai ya biya ya ce masa, "Na gaishe shi, shina lahiya." Wani mai wa'azi ya taɓa yi masa magana a kan haka. Kawu ya ce, "Malam, saƙon makaho na kai. In laihi ne, a rubuta min."

Inna kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa bin mu ba. A kan dutsen niƙan nan suka yi rigimar da ta kai su tsufa. Ranar tashi, ita ta roƙa a ɗora shi cikin kaya, don shi ne abin da ya rage mata na uwarta. Kawu ya ƙi, ya mirgina shi da kansa ya aza kan kabarin, tana kuka tana riƙe masa riga da tsohon cikinta. Tun daga ranar, duk shekara in mun dawo za mu tarar ta dama fura ta ajiye, tana tsaye bakin ƙofa.

"Yaya, ka taho min da shi?"

"Auta, shina nan inda na bar shi. In kina so, taho ki ɗauka."

"Ba ni zuwa in ga kihi na kwana ɗakin uwata."

"In na ɗauke shi, baɗi ba mai sanin inda take."

"Allah ya sani!"

"Allah ya sani. Ni ko ɗanta ne, ina son in sani."

Wata shekara ta haɗa baki da taubashina ya ɗauko mata shi a ɓoye. Maganar ta fasu tun ba a je ko'ina ba, don cikin taubashina ba ya riƙe ko ruwa. Kawu ya zo har tsakar gidanmu, ya ce duk wanda ya taɓa dutsen nan bai yafe ba. Inna ta ce ya je ya auri dutsen. Damina guda ba su yi magana ba, in sun haɗu a hanya kowa ya kalli gabansa. Ranar da aka shirya, ba wanda ya ba wani haƙuri. Zuwa ya yi da hula cike da 'ya'yan kaɗanya ya juye mata a faifai. Ta ɗauki ɗaya ta ci, ta ce ba su nuna ba, ta ɗauki na biyu.

Ni a raina ina bayan Kawu, amma ban taɓa iya cewa Inna ba ta da gaskiya ba. Shi yana da tafiyarsa. Ita me take da shi?

Tafiyarsa ta ƙarshe, sau biyu ya zauna a hawan dutse, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ƙaya ce ta soke shi, alhali ban ga ya cire komai ba. Bayan girbi, ruwa na cike har bakin gonaki, zazzaɓi ya kwantar da shi 'yan kwanaki, da hantsi ya cika. An rufe shi a makabartar tudu. Ya taɓa ce mana cikin wasa, "Ni dai kun huta, nawa kabari ba shi jiran ruwa." Da na tuna wannan maganar a ranar, sai da aka riƙe ni.

Watanni suka wuce, shamuwa ta dawo. Ba wanda ya kafa kara a bakin ruwa, ba wanda ya buga sanda a ƙofa. Kowa na kallon kowa. Rannan da safe ina shirin tafiya makarantar da nake koyarwa, sai Inna ta aika aka kira taubashina, ta ce masa, "Ka nemo jaki mai ƙarhi da igiya. Jibi gida za mu."

Jaki da igiya! Nan take na gane. Mai hanawa ya kwanta, za ta ɗauko dutsenta. In kuwa dutsen nan ya tashi, ruwa ɗaya ya isa ya shafe kabarin Kaka har abada, tafiyar ma ta mutu, don ba abin da za a je a tarar. Raina ya ɓaci, na faɗi abin da ban taɓa faɗa mata ba.

"Haba Inna! Ko shekara bai yi ba. Jira kike yi ya mutu?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke, na tambaye ki?"

Na yi rantsuwa ba zan je ba. Amma da jajibiri Baba na bayan coci ya aiko a kira ni, ya lalubo hannuna ya damƙa mini tsakuwarsa. To, ya zan yi? Da asuba ina cikin tafiyar, fuska kamar an aiko mini da mutuwa.

Inna ta ƙi hawa jakin. Da ƙafarta ta hau dutsen nan, tana haki, ƙullin zane ɗaure a ƙugunta, ba ta yarda an riƙe ta ba. A sama ba ta kalli ruwa ba, ba ta ɗauki kaɗanya ba. Muka gangara cikin laka, ni da taubashina a gaba, mu da muka yi ta zuwa shekara da shekaru. A nan ido ya raina fata. Kututturan da muke gane hanya da su, masu bandar kifi sun sare su sun yi makamashi. Fili ya zama iri ɗaya gabas da yamma. Na ce nan ne, taubashina ya ce can ne, muka yi ta zagaye da jaki har rana ta take tsaka. Ashe duk shekarun nan bayan Kawu muke bi, ba hanya ba. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, don sai a lokacin na san ya mutu da gaske.

Inna na tsaye tana kallonmu. Can ta juya ta dubi dutsen da muka sauko, ta dubi inda tsohon kogin yake bi, ta tuɓe takalmanta ta miƙa mini.

"Tashi. Ku biyo ni."

Ta kama tafiya a hankali. Ta yi gaba kaɗan, sai ta karya kwana a inda babu komai. "Nan rijiya, ku kauce," in ji ta. Matar da ba ta taka wurin nan ba tun ina cikinta, ga ta tana rage murya a ƙofar liman, tana raɓawa ta lungun da Kawu ke raɓawa. Ta nuna wani gefe da haɓa ta ce, "Gidan su Baba nan ne, yaron na bayan rumbu," na je na ajiye tsakuwar na dawo. Sannan ta tsaya cak. Ta gyara mayafi, ta yi sallama.

Shiru, sai iska. Ta sake yi. Taubashina ya zungure ni da gwiwar hannu, idonsa jawur. Na raɓa ta gefenta na shiga, na tsaya inda na saba tsayawa, na juyo.

"Wa alaikumus salam. Maraba da mutanen tudu."

Inna ta dube ni kamar ba ita ta haife ni ba. Ta ce, "Inna," sai ta durƙushe. Kukan da ba ta yi ranar makoki ba, a nan ta yi shi, da ƙarfi, har jakin ya firgita. Ba mu hana ta ba.

Da ta natsu ta rarrafa bayan ɗakin, ta tona da hannu, dutsen ya fito. Ta kankare shi, ta wanke shi da ruwan gora, ta sa tafin hannunta cikin kwarmin ta daɗe. Taubashina ya fara warware igiya, ni kuwa na kau da kai don ba zan iya gani ba. Sai na ji wata ƙara da na sani, gurr, gurr. Na waiwaya. Ta kwance ƙullin zanenta, ta zuba gero cikin kwarmin, tana niƙa. A hannunta ga ɗan dutsen, sumul, ya zauna cikin kwarmin daram.

"Inna, a ina kika samo shi?"

Ba ta ɗago ba. "Ni na ɗauke shi ranar tashi. Ƙarƙashin gadona yake." Ta ci gaba da niƙa, hawaye na zuba cikin garin. "Duk shekara kuna ba ni labari shina cakar laka shina nema. Na ce sai ya kawo min babban in nuna mai. Shi taurin kai, ni taurin kai. Na ɗauka muna da lokaci."

Ta dama garin da sauran ruwan gora, muka kurɓa mu uku. Sannan ta sa taubashina ya ɗaga gefen babban dutsen, ta haƙa rami a ƙarƙashi, ta tura ƙaramin ciki yadda ruwa ba zai ja shi ba, aka sauke. Ta daddaɓe lakar da hannu biyu.

"Ga shi nan, Yaya. Ka bar nema."

Taubashina na tsaye da igiya a hannu, ya ce, "Goggo, to jakin hwa?"

"Kai dai ba ka da wayo. Da wace ƙahwa kaka son in koma?"

Ita jakin ya ɗauko. Ta ƙofa muka fita, ba wanda ya haura katanga. A saman dutse ta sa aka tsaya ta cika gefen zanenta da 'ya'yan kaɗanya, ta ci ɗaya, ta ce sun nuna. Da muka shiga gari, kafin ta sha ruwa ta sa aka biya da ita bayan coci, ta ce wa Baba daga kan jakin, "An gaishe shi, shina lahiya." Ni kuma ta ce in nemi kara in ajiye, baɗi ni ke duba ruwa.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya yafe masa, ya haɗa shi da uwarsa inda ruwa ba ya tashin kowa. Ya yi shekaru yana sallama a ƙofar da babu, ni ina ara masa murya. Ya Allah, wannan karon ka sa mai gidan ce da kanta ta amsa masa.